Wa Ya Tambayi Mutanen Gidan Haya?

Tun muna yara muke ganin irin littattafan nan a shimfiɗe a bakin titi, daga Kumasi har Nima, bangonsu ya koɗe, wani ma an yage masa shafin ƙarshe. Yayyenmu sun yi zamanin James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya cika duniya da labaran Amurka alhali ƙafarsa ba ta daɗe a ƙasar ba. Mu kuma muka tarar da Lee Child da C. J. Box da ire-irensu, waɗanda yanzu a waya ake karanta su, ko a kalle su a fim. A cikin wannan tari akwai wani reshe da ya yi ƙarfi tun daga tsakiyar shekarun 1990. Tsarinsa sananne ne: an tsinci gawa a wani ƙauyen Amurka, jami'in bincike ya bi sawu, sawun ya kai shi wani sansani a cikin duwatsu inda wasu fararen fata ’yan sa-kai suka tara bindigogi suna jiran ranar da za su yaƙi gwamnati. Da wannan reshen muke da magana yau, kuma ba yabo muka zo yi ba.

Kafin nan bari mu sallami wasu daga cikin manyanmu, masu cewa ƙagaggen labari ƙarya ce zalla, wanda ya tsaya yi masa sharhi ya rasa abin yi. Allah ya ƙara musu girma, amma a nan sun yi kuskure. A shekarar 1978 wani Ba'amurke mai aƙidar fifita farar fata, William Pierce, ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna The Turner Diaries, ya ɓuya a bayan sunan aro. Labarin wata ƙungiyar asiri ne da ta tayar da yaƙin launin fata, kuma a ciki an tsara yadda aka cika mota da takin zamani aka tarwatsa hedkwatar hukumar FBI. Bayan shekara biyar, a 1983, wani Robert Mathews ya kafa ƙungiya ta gaske a wani ƙaramin gari na jihar Washington, aka san ta da sunan da ke cikin littafin, The Order. Suka yi fashin motar kuɗi, suka kwashi dala miliyan 3.6 a karo guda, kuma a watan Yunin 1984 suka harbe Alan Berg, Bayahude mai gabatar da shirin rediyo a Denver, a ƙofar gidansa. A ranar 19 ga Afrilun 1995 kuma Timothy McVeigh ya ajiye mota cike da takin zamani a gaban wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma. Mutum 168 suka mutu, 19 daga cikinsu yara ne. McVeigh ya sha tallar wannan littafi a kasuwannin bindiga, kuma da aka kama shi an sami wasu shafukansa a cikin motarsa. To wanda ya ce labari ba ya kisa, sai ya je ya faɗa wa iyayen yaran nan.

Tunda labari yana da wannan nauyi, muna da damar tambayar marubutan da suka ce sun zo su tona asirin ’yan sa-kai: me kuka nuna, me kuka bari a duhu?

Gaskiya ɗaya sukan faɗa, kuma ba za mu hana su ita ba: ruwa ba ya tsami banza. A farkon shekarun 1980 manoman tsakiyar Amurka sun shiga uku. Kuɗin ruwan banki ya haura kashi 20 cikin ɗari, gwamnatin Carter ta hana sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi a 1980, farashin gona ya faɗi, bankuna suka riƙa gwanjon gonakin da aka gada tun kakanni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu wa'azin ƙiyayya suka bi ƙauyuka suna gaya wa manomin da aka ƙwace wa gona cewa Yahudawan banki ne suka cuce shi. Gwamnati kuma ta ƙara wa wutar itace da hannunta. A Agustan 1992, a Ruby Ridge ta jihar Idaho, jami'an tarayya suka kewaye gidan Randy Weaver har kwana 11. Aka kashe ɗansa mai shekara 14, aka harbe matarsa tana riƙe da jaririya, jami'i ɗaya ma ya mutu, daga baya gwamnati ta biya iyalin diyyar dala miliyan 3.1. A shekara mai zuwa, a Waco ta jihar Texas, kewayewar kwana 51 ta ƙare da gobarar da ta ci mutum 76, ranar 19 ga Afrilu. Wannan ranar McVeigh ya zaɓa da gangan bayan shekara biyu. Daga wannan toka ƙungiyoyin ’yan sa-kai suka yi ta tsirowa a Montana da Michigan da sauran wurare, daga cikinta kuma littattafan da muke magana a kansu suka sami abinci.

Mu ɗauki biyu da muka karanta. A Die Trying na Lee Child, wanda ya fito a 1998, jarumin nan Jack Reacher yana wucewa a titin Chicago ya tsaya taimakon wata mace mai dogara sanda, sai aka sace su tare aka kai su dajin Montana. Ashe matar jami'ar FBI ce, kuma ’yar babban hafsan hafsoshin Amurka. Shugaban sansanin, Beau Borken, wani ƙaton mutum ne marar imani da ke shirin ɓallewa ya kafa ƙasarsa. Reacher ya yi abin da ya saba, ya karkashe na karkashewa, ya kama hanya ya tafi. A Winterkill na C. J. Box, na 2003, an juya hoton. Jami'in kula da namun daji Joe Pickett ya tsinci wani ma'aikacin hukumar gandun daji an kafe shi da kibau a jikin bishiya a duwatsun Wyoming. Zargi ya faɗa kan wani ayarin masu ƙin gwamnati da suka yi sansani a kusa, cikinsu har da waɗanda suka tsira daga Waco. A ƙarshe ba su ne suka yi kisan ba, kuma muguwar labarin wata babbar jami'ar gwamnatin tarayya ce mai neman suna da jinin mutane.

Ɗaya ya mai da ɗan sa-kai dodo, ɗayan ya mai da shi abin tausayi. Masu sharhi sukan yi ta gardama kan wanne ya fi kusa da gaskiya. Mu kuwa da muka ajiye littattafan biyu, abin da ya tsaya mana a rai shi ne abin da suka haɗu a kansa. A dukansu rigimar tsakanin mutum biyu ce, ɗan sa-kai da gwamnati, kamar ’ya’yan gida ɗaya masu faɗa kan gado. Wanda aka sace ’yar janar ce. Wanda aka kashe ma'aikacin gwamnati ne. Mutumin da waɗannan ƙungiyoyi suka fi ambato a taronsu da takardunsu, wato baƙar fata, da Bayahude, da Musulmi, da baƙon da ya zo neman abinci, ba shi da ɗaki a cikin labarin. In ma ya leƙo, to ya zo ne ya mutu domin jarumi ya sami dalilin fushi. Ko fim ɗin The Order na 2024, wanda aka gina kan abin da ya faru da gaske, sai da aka ƙirƙiro wani jami'in FBI da bai taɓa rayuwa ba aka ba Jude Law ya hau, aka shafe mafi yawan lokaci ana auna zuciyarsa da ta Mathews. Alan Berg, wanda jininsa ne ya zuba, ’yan mintoci aka ba shi.

Wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Farkon aikin mai ƙiyayya shi ne ya cire wa maƙwabcinsa suna da fuska, ya mai da shi taro. Marubucin da ya ba mai kisa uwa da uba da tarihin ƙuruciya da dalilin baƙin ciki, sannan ya bar wanda za a kashe ba ko suna, ya taya shi rabin aikin ko da bai yi niyya ba.

Ga misalin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A yammacin jihar Kansas akwai wani ƙauye mai suna Holcomb. A Nuwamban 1959 aka kashe mutum huɗu ’yan gida ɗaya a can, iyalin wani manomi mai suna Clutter. Truman Capote ya je ya zauna, ya yi shekaru yana tambaya, ya fitar da In Cold Blood a 1966, littafin da ya zama uwa ga duk mai son rubuta kisan ƙauye da salon ƙagaggen labari. Har yau duniya ta san sunayen mutanen nan huɗu, ta san abin da suka yi a yininsu na ƙarshe. To a wannan Holcomb ɗin yanzu akwai babbar mayankar shanu ta kamfanin Tyson, kuma da yawa daga cikin masu tsayuwa a kan wuƙa a cikinta baƙi ne, har da Somaliyawa Musulmi da ke zaune a Garden City, garin da ke maƙwabtaka da ita. A 2016 wasu mutum uku, Patrick Stein da Gavin Wright da Curtis Allen, waɗanda suka ɓalle daga wata ƙungiyar ’yan sa-kai ta jihar, suka shirya ajiye motoci huɗu cike da nakiya a kusurwoyi huɗu na wani rukunin gidajen haya a Garden City. Kimanin mutum 120 ke zaune a ciki, kuma ɗaya daga cikin ɗakunan masallaci ne. Sun tsayar da rana: washegarin zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba. A hirarsu da aka naɗa, kyankyasai suke kiran Musulmi, kalmar da Ruwanda ta san ƙarshenta a 1994.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya na zango ya san yadda irin wannan gida yake ba sai an kwatanta masa ba. Mutum ya dawo aikin dare yana barci, yara suna guje-guje a tsakar gida, ana dafa abinci a ƙofar ɗaki, an ware ɗaki guda ana salla. Mutum 120 ke nan, kowa da uwarsa, kowa da wanda yake aika wa kuɗi a gida. Capote ya sami shafi ɗari uku domin mutum huɗu. Masu ƙagaggen labarin ’yan sa-kai kuwa sun kusa shekara talatin suna rubutu, amma a cikin duk waɗanda suka zo hannunmu ba mu ga wanda ya cire takalmi ya shiga irin wannan ɗaki ya zauna ba.

Sai ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗin sha: ƙaryar baƙon jarumi. A littafi, wani gwani ne ke zuwa daga nesa, ya fi kowa ƙarfi da wayo, ya gano mugu ɗaya, ya kawar da shi, gari ya koma lafiya. Mu duba yadda aka yi a zahiri. McVeigh bai kai awa biyu da tayar da bam ba wani ɗan sandan hanya ya tsayar da shi, saboda motarsa ba ta da lamba a baya. A Garden City kuwa wanda ya ceci mutane ɗan garin ne, farin fata mai iyali, Dan Day, wanda yake zama cikin taron mutanen nan. Da ya ji inda maganar ta dosa bai yi shiru ba. Ya yarda ya ɗauki na'urar naɗar murya ta FBI, ya yi watanni yana zama da su, ya san in suka gano shi ba zai kwana ba. Sannan wata mace da Allen yake tare da ita, bayan ya doke ta, ta je wurin ’yan sanda ta faɗa musu abin da ta gani ana haɗawa. A Oktoban 2016 aka kama su, a 2018 kotu ta same su da laifi, a Janairun 2019 aka yanke musu ɗaurin shekara 30 da 26 da 25. Da ɗan gari kan ci gari, da ɗan gari kuma kan tsare shi. Ɗan jarida ne, Dick Lehr, ya rubuta wannan labari a 2021, ya kuma saurari Somaliyawan. Abin kunya ne ga masu ƙaga labari a ce mai bin diddigin gaskiya ya fi su faɗin zuciya.

Illar wannan ƙarya ita ce tana wanke gari. In mugu ɗaya ne, kuma ya mutu a shafi na ƙarshe, to babu mai tambayar wanda ya ji ya yi dariya, da wanda ya ba da aron rumbu aka yi taro, da ɗan siyasar da ya yi ta nuna baƙi da yatsa har aka ɗauki maganarsa da gaske. Lauyoyin mutanen Kansas da kansu sun roƙi sassauci da hujjar cewa kalaman yaƙin neman zaɓe na 2016 ne suka zuga su. Wannan ai ba maganar mugu ɗaya ba ce.

Akwai kuma abin da duk Musulmin da ya kai shekarun tunawa bai manta ba. A kwana biyun farko bayan harin Oklahoma, kafin a san McVeigh, kafofin labarai na Amurka sun cika da masana masu rantsuwa cewa wannan aikin Gabas ta Tsakiya ne. An tsare wani mazaunin birnin ɗan asalin Jodan a filin jirgin saman Landan aka mayar da shi Amurka, bai san hawa ba bai san sauka ba. Baƙo shi ne farkon wanda ake zargi, shi ne kuma na ƙarshe da ake tambayar yadda ya kwana. Ina wannan babi a cikin littattafan?

Za a ce mana: me ya dame ku, ku mutanen zango, da faɗan Turawa a dajin Montana? Abin da ya dame mu shi ne mun gane kujerar da aka bari babu kowa, don tamu ce. Kakanninmu sun ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka ga waɗanda aka haifa a nan suna ɗaure kaya zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. A Yulin 2018 aka harbe samari bakwai na zango a Manso Nkwanta aka ce ’yan fashi ne. Sai da unguwa ta tashi tsaye aka kafa kwamiti, kwamitin kuma bai sami hujjar cewa ’yan fashi ne ba. A Yuli da Oktoban 2022 ’yan'uwanmu Hausawan jihar Blue Nile ta Sudan sun ga yadda gardamar ƙasa da sarauta, da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, ta ci ɗaruruwan rayuka a ƙauyuka. Ba mu ce Gana Kansas ce ba, kuma mun gode wa Allah da zaman lafiyar da muke ciki da maƙwabtanmu. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

Kuma kada mu yi wa kanmu irin wankan da muke zargin wasu da shi. Ba kullum muke cikin jerin waɗanda za a cuta ba. Wani lokaci yaranmu ne ake ba sanda. Bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, inda masu rufe fuska suka buɗe wuta aka raunata mutane, an kafa kwamitin Emile Short, majalisa kuma ta yi dokar haramta ƙungiyoyin ’yan banga na jam'iyyu a wannan shekara. Dukanmu mun san daga waɗanne unguwanni ake ɗebo da yawa daga cikin ƙartin da ake sa wa baƙin tabarau a bayan manyan ’yan siyasa. Saurayin da ba shi da aiki, aka ba shi babur da laƙabi da wanda zai tsana, shi da manomin Dakota da aka ƙwace wa gona ciwonsu ɗaya, bokan ne kawai ya bambanta.

Wani kuma zai ce ai nishaɗi ne, a bar mutane su huta. Mu ma mun sha daɗinsu, mun hana ido barci a kansu, ba za mu yi munafunci ba. Ba mu ce a ƙona littafin kowa ba. Abin da muke ƙi shi ne yadda samarinmu masu rubutu, waɗanda ke sakin labari babi-babi a Facebook da WhatsApp, suka haɗiye tsarin nan ɗungurungum. Sai ka ga labari da Hausa, sunaye na Hausa, amma jarumin wani jami'in sirri ne da ya sauko daga jirgi da baƙar jaka, ya fi ƙarfin harsashi, mutanen unguwa kuwa ba su da aiki sai kuka da tafi. Marubucin ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ya san muryar kowace mace a cikinsa, ya san wanda ke bin wani bashi da wanda ba ya gaisa da wani, amma da ya zo rubutu sai ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen gidansu da idon Reacher. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma namu mai ɗakin ya ari idon ɗan haya na kwana ɗaya.

Ga masu neman labarin da zai hana mai karatu barci, ga shi nan kwance ba a taɓa ba. A fara shi daga cikin gida. Mai sayar da koko ce ta lura wata mota ta tsaya a bakin lungu sau uku cikin mako guda, ba mai sauka. Ta faɗa wa mai unguwa, ya ce ta bar shi da Allah. Ta faɗa wa ɗanta, sai ta ga ya kawar da kai, domin ya san direban, tare suke zuwa taron da ba ya so ta sani. Limami yana tsoron in an kai magana ofishin ’yan sanda a fara kama yaran masallaci kafin a nemi motar. Maƙwabcinsu kuma, wanda ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, ya ji wata magana a wurin shan giya da ta hana shi cin abinci, yana ta kai da kawowa a ƙofar gidan tun magariba, ya rasa ta bakin wa zai fara.